Wa Ke Yanka Wa Gona Farashi A Cikin Kwamfuta?

A da, in za a shata hanyar mota ko layin dogo, ma'aikatan safiyo kan shafe watanni a daji suna awo suna kafa turaku. Yanzu kuwa manhajojin taswira irin su QGIS da GRASS kan fitar da layin cikin 'yan mintoci.

Ga yadda abin yake. Ana yanka taswirar ƙasa gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida, alal misali, mita 30 tsawo da faɗi. Sai a ba kowane gida lamba gwargwadon wahalar ratsa shi, a ce fako 1, fadama 10, dutse 50. Daga nan na'ura ta bi dabarar da Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya wallafa a 1959, ta tara lambobin, ta zaɓo hanyar da jimlarta ta fi ƙanƙanta.

Ba shakka na'ura ta iya lissafi, amma lambobin mutum ne ke sa su. In ma'aikaci ya ba gonar talaka da burtali da maƙabarta lamba ɗaya da fako, layin zai ratsa su kai tsaye, rigimar diyya kuma ta biyo baya.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun ayyuka su riƙa bayyana waɗannan lambobi ga dagatai da manoma da makiyaya tun kafin a kafa turke ko ɗaya. Ɗaliban safiyo kuma su sani cewa abin da ya yi araha a takarda yana iya yi wa mutanen ƙauye tsada.