Fanka Tana Kan Rufi, Masu Girki Na Shan Hayaƙi

Akwai wani zalunci da ake yi a bayan otal-otal da manyan gidajen abinci na Tamale, kuma da sukudireba ake yin sa. Mai wuri ya zuba dubban sidi ya sayo rumfar ƙarfe mai zuƙe hayaƙi, an kafa ta a kan murhu, an ja bututu har saman rufi, an ɗora fanka. Ba a jima ba sai a kira mai gyaran wuta, a ce ya san yadda zai yi fankar nan ta daina cinye kuɗin mita. Shi kuwa ya buɗe akwatin da ke jikin bango, ya murɗa lamba ko ya zare waya, ya karɓi ladansa ya tafi. Daga ranar, matan da ke tsaye gaban kasko tun asuba har bayan isha'i su ke kwashe hayaƙin da ƙirjinsu.

A bakin bututun akwai wani siririn ƙarfe mai jin zafi. Aikinsa shi ne, da zarar an kunna murhu zafi ya taso, ya tayar da fanka ko da kuku ya manta. A Amurka, inda ake ƙera da yawa daga cikin waɗannan na'urori, ƙa'idar gini ta ce fankar ta tashi cikin minti 15 da kunna murhun farko. Masu ƙera su sukan saita su a wajen digiri 30 zuwa 35, domin kicin ɗin da suke tunani mai sanyi ne kafin a hura wuta.

To, wa ya gaya musu Tamale? A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yakan kai digiri 40. Kicin mai rufin kwano ya wuce 35 tun ba a kyasta ashana ba, kuma bango yana riƙe zafin har tsakar dare. Na'urar ta ɗauka ana girki, sai fanka ta kwana tana gudu a kan tukwane wankakku. Mai wuri ya duba mitar kamfanin wuta na NEDCo ya ga kuɗi na zurarewa. Ban ce ƙorafinsa ba gaskiya ba ne, wuta ta yi tsada kuma kowa na ji a jikinsa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganin da ya zaɓa.

Na shiga wani kicin a wajen Lamashegu ana tsakiyar suyar zabi. Wata yarinya ta jiƙa gefen ɗankwalinta ta rufe hanci, idonta ja wur, hawaye na bin kumatunta tana juya nama. A saman kanta rumfar tana nan shiru, baƙin maiƙo ya taru a leɓenta yana ɗiga kaɗan-kaɗan a bayan kaskon. Na ce wa mai wurin, "Hajiya, fankar nan ba ta aiki ne?" Ta ce, "Malam, tana aiki, sai dai sai wuta ta yi ƙarfi sosai take tashi. Haka na sa a gyara mini." Wato an ɗaga lambar can sama, inda sai mai ya kusa kamawa da wuta na'urar za ta farka. Hajiyar nan da kanta ta yi shekaru gaban tukunyar tuwon zafi kafin Allah ya ɗaukaka ta. Ashe ciwon 'ya mace ba na 'ya mace ba ne idan kuɗin mita ya shigo?

Ga shi kuma gyaran na gaskiya ba wuya gare shi ba. Na'urorin zamani suna karɓar ma'auni na biyu da ake maƙalawa a bangon kicin, nesa da murhu da hasken rana. Sai a daina bin tsayayyar lamba, a ce fanka ta tashi idan zafin bututu ya ɗara na ɗaki da kamar digiri 8. Da bazara da hunturu lissafin ɗaya ne. Mai tsohuwar na'ura kuwa sai ya ɗaga lambar kaɗan da bazara, ya sauke ta a Disamba, lokacin da safiya kan sauka ƙasa da digiri 20, kuma kowane karo a kunna murhu a gwada da agogo. A riƙa goge ƙarfen, domin maiƙo da ƙurar hunturu idan suka lulluɓe shi ba ya jin zafi da wuri. A bar ƙofa ko taga da iska za ta shigo ta maye wadda aka zuƙe.

Mai kukan kuɗin wuta ya ma fi kowa buƙatar na'urar nan. Fankar da na'urar ke iya rage wa gudu, idan ta sauka zuwa kashi 80 cikin 100, kusan rabin wutar take ci. Wanda ya zare wayar ya yar da rangwamen da ya riga ya biya kuɗinsa.

Mai dafuwa da gawayi kuwa kada ya dogara da ma'aunin zafi kaɗai. Garwashin da ya lafa zafinsa kaɗan ne, amma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Dole a bar makunnin fanka a inda hannun mai girki zai kai. Wasu masu wuraren har kwaɗo suke sa wa akwatin, mabuɗi na aljihun manaja, manaja yana ofis cikin sanyin na'ura.

Masu kawo kayan nan daga Akara da Kumasi suna da nasu alhakin. Su kafa, su karɓi kuɗi, su hau mota, ba su zauna ko rabin awa sun nuna wa kowa yadda ake saiti ba. Jami'ar fasaha ta Tamale da makarantar Dabokpa suna yaye matasa masu ilimin lantarki, ya kamata wannan ya shiga cikin abin da ake koya musu da hannu.

Tun 2003 dokar Ghana ta wajabta wa wuraren da jama'a ke taruwa samun takardar shaidar hukumar kashe gobara. Bututun da fanka ba ta jan iska a cikinsa maiƙo yake tarawa, maiƙo kuwa makamashi ne. Ina roƙon jami'in da ya zo dubawa kada ya tsaya kan jar tukunyar kashe wuta da ke rataye a bango. Ya sa a kunna murhu a gabansa, ya duba agogonsa. Idan minti 15 ta cika fanka ba ta motsa ba, kada ya sa hannu, kuma kafin ya fita ya ja yarinyar da ke suya gefe, inda Hajiya ba ta ji, ya tambaye ta yaushe rabon da ta ji ƙarar fankar.