Attaruhun Yuli, a Fabrairu ake zuba irinsa

A wannan makon za mu leƙa bayan ɗaki ne, domin maganar tamu ta kayan miya ce, musamman attaruhu, da yadda uwargida za ta shirya ɗan lambunta kafin ruwa ya sauka.

Duk mai zuwa cefane a Kasuwar Kure ko Kasuwar Gwari a nan Minna ya san yadda shekara take juyawa. Daga Janairu zuwa Maris kayan miya na araha, saboda amfanin noman rani yana ta sauka daga Kano da Kaduna da Katsina. Da zarar an shiga Mayu sai kashin attaruhu ya fara ƙanƙancewa, kuɗinsa kuma yana hawa. Na rani ya ƙare, na damina bai nuna ba, haka za a yi ta fama har wajen Agusta. Ba mu manta da tsakiyar shekarar 2024 ba, lokacin da tsutsar tumatir ta haɗu da tsadar sufuri, gidaje da yawa suka koma miyar kuka da busasshiyar kuɓewa ba don marmari ba. A irin waɗannan watanni ne ɗanyen kayan lambu ke ɓacewa daga tukunya, kuma yara da masu juna biyu su ne suka fi jin jiki.

To ga inda lissafin yake, uwargida. Attaruhu ba shi da gaggawa. Irinsa kan ɗauki kwana 10 zuwa mako 3 kafin ya tsiro, ya yi mako 6 zuwa 8 a wurin reno, sannan bayan dashe ki jira kamar wata 3 kafin ki tsinki na farko. Ruwan Minna yakan fara ne a Afrilu, ya zauna sosai a Mayu. Idan kika jira ruwa ya sauka sannan kika zuba iri, attaruhunki zai nuna a Satumba, lokacin da ya cika kasuwa ana neman mai saye. Amma idan kika zuba shi a tsakiyar Fabrairu, kika dasa a Afrilu, to a Yuli, ana tsakiyar tsada, daga bayan ɗakinki za ki riƙa tsinkowa.

Na san abin da za ki ce: ina ruwan yake? Maris ne watan da ya fi zafi a Minna, rijiyoyi sun ja baya, a unguwanni irin su Kpakungu da Maitumbi da Tunga gidaje da dama da ruwan 'yan ga-ruwa suke girki. Gaskiya ne. Sai dai reno ba gona ba ne. Tsohuwar roba ɗaya da aka huda ƙasanta ta isa ta ɗauki tsiro 30, kuma kofi biyu safe da yamma ya ishe ta. Ruwan da kika wanke shinkafa ko ganye da shi, da ruwan alwala idan an tara a bokiti, duk sun wadatar. Wanda ba a so shi ne ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan kwata.

Wajen iri, ki zaɓi attaruhu wanda ya nuna jajir, mai lafiya, ba wanda ya fara ruɓewa a ƙasan kwando ba. Ki yanka, ki kankare 'ya'yan, ki shanya su a inuwa kwana 4 ko 5. Kafin ki ɓata lokaci, ki gwada: ki ƙirga guda 10 ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye inda ba zai bushe ba. Idan bayan mako 2 bakwai ko takwas sun fasa, irin na da kyau. Idan biyu ne ko uku, ki nemi wani. Wasu manyan attaruhun da ake kawowa kasuwa irin aure ne, 'ya'yansu ba lallai su fito kamar uwar ba, don haka wanda maƙwabciya ta shekara tana ci daga bishiyarta ya fi abin dogaro. In kuma na leda za ki saya a shagon kayan noma, ki duba ranar lalacewarsa.

Ƙasar reno ki haɗa kashi biyu na baƙar ƙasa, kashi ɗaya na taki da ya ruɓe sarai, da ɗan yashi. Kada ki binne irin da zurfi, rabin gaɓar yatsa ya isa. Ki ajiye robar inda za ta sami ranar safe ta kauce wa ta azahar, ki rufa mata tsohon gidan sauro, don kaji da ƙadangare ba sa barin ɗanyen tsiro. Yawancin renon da ke mutuwa ba ƙishi ne ke kashe shi ba, tausayi ne. Ana ta zuba masa ruwa har gindin ya yi baƙi ya sirance ya kwanta. Ki taɓa ƙasar da yatsa, in da danshi ki ƙyale shi.

Yanzu bari in ɗan tsaya a kan ƙasar da za a dasa, don nan ne lafiya ta shigo. Mutane da yawa sukan aiki yara su ɗebo ƙasar bola saboda baƙa ce. Bolar da ta yau ba jujin kakanninmu ba ce. Akwai fasassun batura a ciki, da ƙonanniyar roba, da tokar wayoyin lantarki. Haka nan ƙasar da aka kwaso daga inda ake daka dutse ko wanke zinare. Mu a Jihar Neja ba labari muka ji ba: a 2015 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe ƙananan yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi. Dalma ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, tana manne wa ganye da hannun yaro mai wasa da ƙasa, kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Ki nemi ƙasar gona ko ta gindin bishiya, ki haɗa da kashin awaki ko na shanu. Kashin kaji yana da ƙarfi, ɗanyensa yana ƙona saiwa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Ki tara shi gefe tun yanzu, ki yayyafa ruwa, ki rufe, ki riƙa juyawa, zuwa lokacin dashe ya huce.

Idan gidan haya kike, ko tsakar gidan duk siminti ne, buhu ya isa. Buhun shinkafa ko na masara, a naɗe bakinsa zuwa rabi, a huda ƙasansa da gefensa, a cika da ƙasa, tushe ɗaya a kowane buhu. Ni a ganina ma buhun ya fi dacewa da Minna, domin ruwan da muke samu ya kai milimita 1,200 a shekara, kuma da yawansa a Agusta da Satumba yake zuba. Attaruhu ba ya jure kwanciyar ruwa, kwana biyu saiwarsa na cikin taɓo sai ki ga ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi. Mai fili kuwa ta sa maigida ko samarin gida su tayar da kunya mai tudu, a bar tazarar kamu ɗaya da ɗan ƙari tsakanin tushe da tushe. Tushe 8 zuwa 10 sun ishi matsakaicin gida.

Ki yi dashe da yamma, idan tsiron ya yi ganye 5 ko 6. Mako guda kafin nan ki rage masa ruwa, ki riƙa ƙara masa lokacin shan rana, don ya saba. Bayan dashe ki lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi. Idan ya fara fure a cikin zafi kika ga furen na zuba, kada hankalinki ya tashi, da zarar gari ya yi sanyi da ruwa zai riƙe.

Kafin attaruhun ya kawo, ki watsa alayyahu a gefe, mako 4 kin fara yanka. Kuɓewa wata 2 ce. Yakuwa da lalo ba sa neman lele, zogale kuwa reshe kawai za ki soka a jikin katanga.

Abokan gabar attaruhu su ne darba da farin ƙuda, masu laɓewa a bayan ganye. Tsotson da suke yi ba shi ne babbar ɓarnar ba, cutar da suke ɗaukowa ce, wadda ke sa ganye ya nannaɗe, tushen ya tsumbure. Tushen da ya kamu ba ya warkewa, ki tuge shi ki ƙona kafin ya shafa wa sauran. Don rigakafi, ki daka 'ya'yan dogon yaro cikin tafin hannu biyu, ki jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, ki tace, ki ɗiga ɗan ruwan sabulu, ki fesa da yamma a bayan ganyen sau ɗaya a mako. Don Allah kada a kawo maganin ƙwari mai ƙarfi cikin lambun tsakar gida. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, amma har yau akwai masu fesa irinsa a kan abin da za a tsinka gobe a jefa a miya. Kuma duk duro ko bokitin da kika tara ruwan ban-ruwa a ciki, ki rufe shi. Kwana 7 zuwa 10 sun ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi, kada a je neman miya a samo zazzaɓi.

Tambayar da ake yawan aiko mana ita ce ko yaji na kawo gyambon ciki. Ba ya kawowa. Manyan sababan olsa biyu ne: wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda gano ta ya sa likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka sami kyautar Nobel a 2005, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Amma wanda ya riga ya kamu, ko mai fama da ƙwannafi ko basir, yaji na iya tayar masa da raɗaɗi, sai ya rage, ya kuma je asibiti a yi masa gwaji maimakon ya yi ta ɗora wa barkono laifi. A ɗaya ɓangaren, ɗanyen attaruhu da tattasai suna da bitamin C sosai, shi kuma yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye. Dogon dahuwa na rage shi, shi ya sa tattasai da tumatir ɗanye a kan kwaɗon zogale ko dafa-dukan wake suka fi amfani ga mai juna biyu.

Tunda bishiyar za ta kasance inda yara ke wasa, ki san abin yi idan tsautsayi ya faɗa. Sinadarin da ke kawo zafin ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Idan a baki ne, ki ba yaro madara ko nono ko kindirmo. Idan a hannu ne, ki shafa man gyaɗa sannan ki wanke da sabulu. Ido kuwa ruwa mai tsabta kawai, a yi ta zubawa na minti 15, ba a sa mai, ba a sa gishiri, ba a murzawa. In jan bai sauka ba ko yaron ya kasa buɗe idon, a tafi asibiti.

Idan Allah ya sa albarka ya fi ƙarfin tukunya, ki shanya ragowar a kan tabarma ko faranti a sama, ba a gefen titi ba, ki tabbata ya bushe ƙayau kafin ki ƙulle, don wanda ya yi fumfuna ba abin ci ba ne ko an daka shi. Kuma kada ki tuge tushen idan damina ta wuce. Attaruhu na iya shekara biyu ko fiye. A Nuwamba ki rage rassansa zuwa rabi, ki ƙara masa taki, ki riƙa ba shi ruwa sau biyu ko uku a mako, zai riga sabon dashe haihuwa a shekara mai zuwa.

Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake adana tumatir ba tare da firji ba.