Wa ya shaƙe Bumblebee? Tambayar da ta kai ni kasuwar barkonon Diffa

Kwanakin baya ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara tara, ya zauna kusa da ni a zaure yana kallon tsohon fim ɗin Transformers a wayar babansa. Wannan fim ne na motocin da suke rikiɗa su zama ƙattin mutum-mutumi na ƙarfe. Can sai ya ɗago ya ce, "Baffa, me ya sa wannan mai ruwan ɗorawar ba ya magana sai ta bakin rediyo? Wa ya shaƙe shi?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ni ma ban sani ba. Alhali na kalli fim ɗin nan tun ina saurayi, a wani gidan kallo da ke kusa da kasuwar Diffa, a faifan da aka kawo daga Maiduguri, irin wanda ake cusa finafinai barkatai a cikinsa. A cikin fim ɗin, abin da aka ce kawai shi ne muryarsa ta lalace a wajen yaƙi. Wane yaƙi, da wa, a ina, shiru kake ji.

Da na bi sawun maganar, sai na tarar amsar tana nan, an kuma tanade ta tun shekarar da fim ɗin ya fito. Sai dai an ajiye ta a inda ni da yaron nan ba za mu taɓa isa ba.

Ga yadda abin yake. Fim ɗin ya fito a sinima a watan Yulin 2007, Michael Bay ne ya ba da umarni, kuma ya tara sama da dalar Amurka miliyan 700 a duniya. Ranar 16 ga Oktoban shekarar aka sake shi a faifan DVD a Amurka. Manyan kantunan ƙasar kowanne yana son mai saye ya zo wurinsa, don haka aka ba kowa abin jan hankali nasa na kansa. Kantin Target ya samu gidan faifai da ake lanƙwasawa ya koma siffar Optimus Prime, shugaban mutum-mutumin kirki. Shi kuwa Walmart sai ya samu ƙarin faifai ɗauke da gajeren katun mai suna Transformers: Beginnings, wanda aka ɗauko daga littafin zane da kamfanin IDW ya buga a matsayin share fagen fim ɗin. Nan ne aka ba da labarin yaƙin duniyar Cybertron, da yadda aka cilla abin da suke rigima a kansa sararin samaniya, da yadda Megatron ya kama Bumblebee ya murƙushe masa maƙogwaro, sannan ya bi sawun abin har ya faɗo cikin ƙanƙara a duniyarmu. Wani abin dariya kuma, Bumblebee ɗin da ba ya magana a fim, shi ne yake ba da labari da bakinsa a katun ɗin.

To, Walmart dai babu shi a Nijar. Ko da wani ɗan uwa ya saya ya aiko, an raba duniya shiyya-shiyya a tsarin DVD: Amurka tana shiyya ta 1, yawancin Afirka muna ta 5, kuma injin da ya bi ƙa'ida ba zai karanta faifan wata shiyya ba. Mu dai injinanmu na Caina ba ruwansu da wannan ƙa'idar, komai aka ba su ci suke yi, amma wannan ba da yardar masu fim ba ne.

Wani zai ce, mutumin Diffa, duk matsalolin da ke gabanku, katun ɗin motoci ne ya dame ka? Gaskiya ne, ba shi ne ya hana ni barci ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ina ganin irin wannan dabarar tana shigowa harkar finafinan Hausa, kuma mu da ke gefen gefe mu ne za mu fara jin jiki.

Bari in koma kasuwa, don a can na fi gane abubuwa. Duk wanda ya taso a bakin Komadugu ya san gyara. Ka je sayen barkono, mai kaya ya auna maka tiya ta cika ta yi tozo, sannan ya damƙo kaɗan ya ƙara maka. Wannan ƙarin shi ne gyara, kuma hakkinsa ne ya ba wanda ya ga dama. Idan ya ba abokin cinikinsa na kullum gyara mai yawa ya ba ni kaɗan, ba ni da ta cewa. Amma a ce ya rage tiyar tun farko, ya ajiye abin da ya rage a gefe, sannan ya ce wanda ya saya a rumfar wane ne kaɗai za a cika masa, wannan sunansa tauye mudu, ko da an yi masa lanƙaya an kira shi gyara.

A ganina gidan faifan da Target ya samu gyara ne na gaskiya. Wanda bai same shi ba bai rasa komai daga labarin ba. Amma mafarin labari wani abu ne daban. Kakanninmu ba su taɓa fara tatsuniya daga tsakiya su ce wanda yake son farkonta ya je ɗakin kishiya ba. Na yarda cewa fim ɗin 2007 yana tsayawa da ƙafarsa ko ba katun ɗin, miliyoyin mutane sun kalla sun ji daɗi ba tare da sun san da shi ba. Amma tambayar yaron nan ta nuna akwai rami, kuma masu fim sun san da ramin, sun tanadi ƙasar cike shi, sai suka sayar wa kanti ɗaya.

Ba a nan kaɗai suka yi hakan ba. A lokacin ana gasa tsakanin sababbin faifai iri biyu masu hoto garau, HD DVD da Blu-ray. A watan Agustan 2007 kamfanin Paramount ya ɗauki ɓangaren HD DVD shi kaɗai, don haka wanda ke da injin Blu-ray bai samu fim ɗin ba da farko. Ba a yi nisa ba, a watan Fabrairun 2008 kamfanin Toshiba ya sanar da daina ƙera injinan HD DVD. Waɗanda suka sayi injin saboda irin waɗannan finafinan suka wayi gari da kayan da aka daina yi wa faifai, fim ɗin kuma ya fito a Blu-ray a watan Satumban 2008. Mai saye ne ya biya kuɗin rigimar da ba tasa ba.

Mu a Diffa mun san illar ƙofa ɗaya fiye da kowa, kuma mun san ta a abin da ya fi fim nauyi nesa ba kusa ba. Barkononmu, wanda ake noma shi tun daga wajen Shetimari har Geskeru da Boso, akasarinsa Najeriya yake tafiya, shi ya sa ma naira take yawo a kasuwarmu kamar sefa. Bayan harin da aka kai Diffa da Boso a watan Fabrairun 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka dakatar da cinikin barkono da na kifi. Manomin da ya dogara da hanya ɗaya ya ga buhunansa jibge ba mai ɗauka. Sai a 2017 aka sassauta wa barkono. Daga baya Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ba ina haɗa wahalar manomi da kallon fim ba ne, Allah ya sawwaƙe. Darasin kawai nake ɗauka: duk kayan da aka ce sai ta ƙofa ɗaya za su fita, ranar da ƙofar ta rufe, mai kaya da mai saye duk sun yi asara.

Yanzu mu dubi namu. A da, fim ɗin Hausa yana fitowa a kaset, daga baya a faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano su rarraba, ya biyo mota ta Maiduguri ko ta Damagaram ya iso mana. Kowa ya samu, ya samu cikakke, ko da an raba shi na ɗaya da na biyu. Wannan kasuwar ta mutu. Satar fasaha ta ci rabonta, finafinan Indiya masu fassarar Hausa suka ci nasu, wayar hannu ta ƙarasa sauran. Yau fim yana zuwa ne ta tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, ko ta YouTube inda irin su Izzar So da Labarina suka tara jama'a, ko ta manhajojin biyan kuɗi. Kowace ƙofa kuma tana son ta ce akwai abin da ba za ka samu ba sai a wurinta. Ban ga laifinsu ba a kan son hakan, haka ciniki yake.

Kuma dole in yi wa masu shirya fim adalci. Mutumin da ya zuba kuɗinsa, ya biya 'yan wasa da masu kyamara da masu tace hoto, ya ga washegari an tura fim ɗinsa a waya a kan dala ashirin ba tare da ko sisi ya shigo aljihunsa ba, yana da dalilin neman wanda zai biya shi dunƙule ya ce nawa ne ni kaɗai. Ni kaina na sha miƙa memori a rumfar masu tura fim, ba zan tsaya nan ina wa'azi kamar hannuna tsarkakakke ne ba. Wanda ya ce a bar komai kyauta bai taɓa biyan kuɗin man janareto a wajen ɗaukar fim ba.

Abin da nake jin tsoro shi ne ranar da za a ce zango na farko yana YouTube, amma labarin yadda jarumin ya rasa mahaifinsa sai a manhaja kaza, ƙarshen labarin kuma sai a sinimar Kano. Mutumin Kano mai katin banki na naira da intanet mai ƙarfi zai iya bi. Matar aure a Maine-Sorowa, ko ɗan gudun hijira a sansanin Sayam, ko ɗalibi a Jami'ar Diffa da yake lissafin kowane megabait, ina za su bi? Ba za su daina kallo ba. Za su koma wurin mai tura fim, shi kuwa zai haɗa musu duka gutsattsarin wuri ɗaya. A nan ne dabarar take cin kanta: duk lokacin da mai halal ya rarraba kayansa gida-gida, ɓarawo ne kaɗai yake da cikakken kaya, kuma ka koya wa mai saye cewa wurin ɓarawo ya fi sauƙi.

Shawarata ga masu shirya finafinanmu guda uku ce. Ta farko, labari ya zauna cikakke a duk inda aka sake shi, daga mafari har ƙarshe. Gyara kuwa a yi ta da abin da yake gyara: waƙoƙin da ba su shiga ba, hira da 'yan wasa, kurakuran da aka yi wajen ɗauka, yadda aka gina wurin wasan. Masoyi na gaske zai biya don ya ga waɗannan, wanda bai samu ba kuma ba a tauye shi ba.

Ta biyu, in ma dole ne a keɓe wani abu ga ƙofa ɗaya, a sa masa wa'adi. Wata uku, wata shida, sannan a sake shi ga kowa. Mai son gani da zafi-zafi ya biya, mai haƙuri ya jira. Wannan ciniki ne da kowa zai gane, kamar yadda sabon barkono yake da tsada a farkon kaka.

Ta uku, a tuna da cewa masu kallon fim ɗin Hausa ba su ƙare a Jibiya ko Maigatari ba. Nijar tana cike da su, har da Barebari da Fulani da Tubawa na yankinmu da suke jin Hausa a kasuwa. A buɗe mana hanyar biya da sefa, ta kuɗin waya ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da kowa ya saba da su. Masu tura fim ɗin nan ma, maimakon a riƙa kallonsu a matsayin abokan gaba har abada, a nemi hanyar mai da su dillalai masu izini da za su riƙa biyan wani kaso. Su ne suka san kowane lungu, su ne kantin da muke da shi.

Shi dai ɗan ƙanena na ba shi amsarsa. Na ce masa Megatron ne ya shaƙe shi, tun a duniyarsu, saboda ya ƙi faɗa masa inda aka kai abin da yake nema. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To me ya sa ba su nuna ba?" Na ce sun nuna, amma a wani kanti a Amurka, tun kafin a haife ka. Ya kalle ni kamar na yi masa ƙarya, ya koma kan wayarsa.

Fatana idan ya girma ya yi wa nasa ɗan irin wannan bayanin, kada ya zama a kan fim ɗin Hausa ne. Allah ya ba masu sana'ar nan kasuwa mai albarka, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a bakin Komadugu.