Garin Neman Gira: Haɗarin Ƙara wa Wuƙar Injin Yankan Ciyawa Gudu

Idan kana cikin masu ƙaramar taraktar yankan ciyawa, irin wadda ake hawa a zagaya harabar gida a Amurka, ko wadda ake shigowa da ita gwanjo don filayen makarantu da otal-otal, wataƙila wani ya taɓa raɗa maka wata dabara: a cire faifan da bel ke juyawa a saman wuƙa, a sa wanda bai kai shi girma ba, sai wuƙa ta ƙara gudu, yanka ya yi sumul. Dabarar tana aiki, kuɗinta kuma kaɗan ne. Duk da haka ina roƙonka kada ka yi ta, domin wanda zai biya kuɗinta na gaskiya sau da yawa ba shi ne ke zaune a kan injin ba.

Masu ƙera waɗannan injuna a Amurka suna bin wani mizani mai suna ANSI B71.1, wanda ya ƙayyade cewa bakin wuƙa kada ya wuce gudun ƙafa 19,000 a minti ɗaya, wato kusan kilomita 350 a sa'a. Wuƙa mai tsawon inci 21 tana isa wannan iyaka idan ta juya sau 3,450 a minti. Ɗauki misalin injin da ya fito daga masana'anta yana gudun ƙafa 17,000. Ka sauya faifai mai inci 5 da mai inci 4, ka ƙara kashi 25 cikin 100, ya koma 21,250. Ka ƙetare iyakar ke nan da sauyin ƙarfe guda, ba tare da ka taɓa injin kansa ba.

A nan ne lissafin ke yaudarar mutane. Ƙarfin abin da aka harba ba ya ƙaruwa daidai da gudunsa. Gudun ake ninkawa a kansa. Ƙarin kashi 25 a gudu yana haifar da ƙarin kashi 56 a ƙarfin duka. Tsakuwa, guntun waya, ƙusa, fasasshiyar kwalba, duk abin da ya ɓuya a ciyawa, da wannan sabon ƙarfi zai fito. Kaskon ƙarfen da ya lulluɓe wuƙaƙen, da marfin da ke bakin mafitar ciyawa, an gwada su ne a kan gudun asali. Haka kuma tsayin da abin yake fitowa ya kamata ya tayar maka da hankali: inda zai sami babba a ƙwauri, yaron da ke tsugune yana wasa a fuska zai same shi. Ido kuwa, idan ƙarfe ya huda shi, likita yakan yi ƙoƙarin ceto ƙwayar ne kawai, gani ba kasafai yake dawowa yadda yake ba.

Wuƙar kanta ma tana shan wuya. Ƙarfin da ke fizgar ta waje yana hauhawa da irin wancan lissafi, saboda haka tsagar da ba a gani da ido, wadda ta samu ranar da ta doki dutse, tana iya buɗewa. Boris yana zafi, bel yana saurin cinyewa, birkin da aka auna don ya tsayar da wuƙa cikin 'yan daƙiƙoƙi yana ɗaukar lokaci fiye da da. Mutum ya sauko daga kujera, ya zura hannu don cire ciyawar da ta toshe, alhali wuƙa ba ta gama juyawa ba.

Sai kunne, wanda shi ba ya zubar da jini balle a lura. Cibiyar NIOSH ta Amurka ta sa desibel 85 a matsayin iyakar aikin sa'a 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 sa'a 4, 91 sa'a 2. Waɗannan taraktoci tun asali suna kewayen 90. Wuƙa mai ƙarin gudu tana ƙara kuwwa, jijiyoyin ji kuwa idan suka mutu ba su sake tofowa.

Na san hujjar masu yin haka: injin yana barin tsaye-tsayen ciyawa a baya. Gaskiya ne, amma galibi laifin ba na gudu ba ne. Wuƙa ce ta dakushe, ko bel ya saki, ko ɗanyar ciyawa ta daskare a cikin kasko ta hana iska ɗaga ganye, ko kuwa direba ne ke sauri. Wasa wuƙar, ka rataye ta a ƙusa ka ga ko gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, ka kankare kaskon bayan ka cire wayar fulogi, ka buɗe totur sosai amma ka rage tafiya. Kada ka yanke fiye da sulusin tsayin ciyawa a zagaye ɗaya, kada kuma ka yi yanka da raɓa.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa irin wannan injin, kuma kada a ɗauki yaro a kai ko da a cinya. Ni zan ƙara cewa yara su shiga ɗaki har a gama. Ka tsince filin tukuna, ka sa tabaran kariya da abin toshe kunne da takalmi rufaffe.

In kuwa tsautsayi ya auku, danne raunin da tsumma mai tsabta, ka ɗaga gaɓar, a nufi asibiti nan take. Raunin wannan wuƙa cike yake da ƙasa, don haka a gaya wa likita idan allurar tetanus ta ƙarshe ta wuce shekara 5. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a tsumma mai danshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar a kan ƙanƙara, kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Abin da ya soke ido kuma kada a zare shi, kada a murza. A kife kofin takarda a kai, a liƙe shi da filasta har a isa wurin likitan ido.