Shanun Batsari da asusun haɗakar zuba jari

A Batsari da Safana garke ne ajiyar talaka, kuma ɓarayin daji sun mayar da shi ajiya mafi haɗari. Asusun haɗakar zuba jari zai iya cike wannan gurbi, sai dai kuɗin da ke shiga cikinsa ruwa suke bi: da Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, asusun da ke sayen takardun bashin gwamnati ne suka fi jan jama'a. Manomin da addini ya hana shi cin ruwa sai ya nemi asusun halal irin na Lotus Capital, kuma irinsa ƙalilan ne. Shi ma sai da waya, a yankin da aka katse layukan sadarwa a Satumban 2021.