Sanholo Ba Ya Son Soda: Darasi Daga Injin Tsohuwar Mota

Kamar yadda maƙogwaron ɗan Adam ke rabuwa gida biyu ya kai iska ga huhu, haka injin mota yake da bututu mai rassa wanda kanikawa ke kira manifol. Aikinsa shi ne karɓar iska da fetur daga kafireto ya raba wa kowace silinda. A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ana amfani da sanholo, wato alminiyam, a sassan inji, domin nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne.

Idan manifol ɗin sanholo ya yi shekaru, sai maiƙo da ƙura su lulluɓe shi. A nan ne wasu ke jiƙa shi cikin sodar sabulu don ya yi fari da wuri. Wannan kuskure ne babba, kuma garin neman gira ake rasa ido.

Dalili kuwa shi ne, sanholo yana da fata tasa. Da zarar ya haɗu da iskar oksijin sai wani siririn ɓawo ya rufe shi, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin 100,000 na milimita ba. Wannan ɓawo ne ke hana shi lalacewa. Soda tana narkar da ɓawon, sannan ta ci ƙarfen kansa, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Kumfar da mai wanki ke gani yana murna, jikin manifol ne ke zagwanyewa. Idan bakin da ke manne da inji ya rarake, iska za ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Fetur na bukatar iska kimanin ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone sosai. In iskar ta yi yawa, inji sai ya riƙa tari yana zafi.

Buroshin baƙin ƙarfe ma illa ne, domin yakan bar ɓurɓushi a jikin sanholo, wanda danshi zai mayar tsatsa. Yashin da aka kankare ciki da shi kuwa, in ya saura, silinda zai nufa.

Hanyar da ta dace tana bukatar haƙuri: a cire manifol, a jiƙa shi cikin kananzir, a goge da buroshin roba, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a busar. Daga nan a ɗora miƙaƙƙiyar rula a bakinsa a tabbatar bai karkace ba, a sa sabon gasket.

Ya kamata malaman kimiyya su kai wannan darasi aji. Ɗalibin da ya ga abin da ɗigon soda ke yi wa guntun sanholo, ƙarƙashin kulawar malami, zai iya ceton kayan da samun madadinsa ke ƙara wuya, har ma da tukunyar gidansu.