Ƙaron namu ne, garin na wasu

A watan jiya wani abu ya faru a ɗakin malamai na makarantarmu wanda ya ba mu dariya da farko, daga baya kuma ya sa muka yi jugum. Wani abokin aikinmu mai fama da ciwon baya ya sayi kwalbar maganin gargajiya a tashar mota, irin baƙin jiƙon nan da ake cewa yana maganin cuta bakwai. Ya sha na kwana uku, sai ya jefa kwalbar cikin kabad ya manta da ita. Bayan mako uku, muna zaune muna duba littattafan yara, sai muka ji fau, kamar an harba bindigar toka. Murfi ya yi sama, jiƙo ya yi kumfa ya malale a kan rajistar aji biyu, wari kuwa sai ka ce burkutu. Zafin Kumasi ya sa maganin ya yi tsami a cikin kwalbarsa. Wani dattijo a cikinmu ya ce, to wannan a kabad ya fashe, da fa Malam ya ci gaba da ɗura wa cikinsa?

Kakanninmu sun daɗe da sanin cewa abin da ake so ya daɗe, sai an raba shi da ruwa. Shi ya sa muke da kuka da busasshiyar kuɓewa da kilishi, shi ya sa kuma mai magani na asali yake shanya sassaƙe da saiwa ya daka su ya ƙulle a ƙunshi. Amma shanya a tabarma tana da nata aibin. Ga ƙura, ga kaji, ga akuyar maƙwabta, nan ƙasar Asante kuma ga damina biyu a shekara da raɓa mai hana abu bushewa sai ya yi fumfuna. Ban da haka, ba ka iya shanya ruwa a tabarma. Idan amfanin yana cikin jiƙo ne, ko cikin madara, yaya za a yi a kore ruwan a bar amfanin?

Amsar da masana'antu suka samo ita ce abin da za mu kira busarwar feshi. Wani Ba'amurke mai suna Samuel Percy ya yi rajistar dabarar tun 1872, amma ba ta bunƙasa sosai ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka buƙaci kai wa sojoji madara da ƙwai a wurare masu nisa ba tare da sun lalace ba. Duk wanda ya taɓa zuba Nido ko Cowbell a kokonsa da safe, ya ci amfaninta ko bai sani ba. Nescafé da aka fara sayarwa a 1938 ma ta wannan hanya aka samar da shi.

Ga yadda abin yake. Ana gina wata doguwar hasumiya ta ƙarfe, wata ta kai tsayin bene mai hawa da yawa, ƙasanta a tsuke kamar mazurari. Daga sama ana fesa ruwan da ake son busarwa ta wani ɗan tsukin baki, ya fito kamar hazo, daidai lokacin da ake hura iska mai zafi, sau da yawa digiri 150 zuwa 200. Kowane ɗigo ƙanƙane ne ƙwarai, saboda haka kafin ya faɗo ƙasa ruwansa ya tashi, cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya zama gari. Wani zai ce ai wannan zafin zai ƙone maganin. To, ku tuna da randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, shi ke sanyaya na ciki. Haka ɗigon nan, muddin ruwansa na tashi, shi kansa ba ya ɗaukar zafin iskar, kuma kafin ya ɗauka ya riga ya bar wurin.

Me ya haɗa wannan da ƙwayar da muke saya a kantin magani? Abubuwa da dama. Na farko, ƙwayar nan da kuke gani, sau da yawa ainihin maganin cikinta ɗan kaɗan ne, sauran ciko ne da abin ɗaurewa. Ɗaya daga cikin cikon da aka fi amfani da shi sukarin madara ne da aka busar ta feshi, domin garinsa mulmulalle ne, yana gangarawa cikin injin buga ƙwaya ba ya toshewa. Na biyu kuma shi ne inda manyan kuɗin suke. Mafi yawan sababbin sinadaran da masana ke ganowa yanzu ba sa narkewa da kyau a cikin ruwa, abin da bai narke a ciki ba kuwa ba ya shiga jini, sai dai ya wuce yadda ya shiga. Idan aka narkar da irin wannan sinadari tare da wani abu mai danƙo aka fesa, yana bushewa da saurin da ƙwayoyinsa ba sa samun damar jeruwa su daskare kamar tubali a gini. A warwatse suke tsayawa, ciki kuma ya narkar da su cikin sauƙi. Wani maganin ƙanjamau mai suna Intelence da wannan dabara ake yin sa.

Injin irin wannan aiki yana da tsada, kuma tun da abin da ake narkar da maganin a ciki yakan zama mai kama wuta, ba iskar duniya ake hurawa ba, iskar naitirojin ce. Saboda haka ba kowane kamfanin magani ne yake gina nasa ba. Abin ya koma kamar nika-nika na unguwa. Mace ba ta sayen inji don ta tuƙa tuwo, masararta take kaiwa ta biya a niƙa mata. Kamfanin Hovione na ƙasar Fotugal, wanda aka kafa a 1959, yana cikin manyan masu wannan nika-nikan na duniya. A 2017 kuma kamfanin Lonza na Suwizalan ya sayi Capsugel a kan dala biliyan 5.5, kuma cikin kayan da ya gada har da wata masana'anta a jihar Oregon ta Amurka da ta shahara da busarwar feshi. Ba kuma kullum ake cin riba ba. Kamfanin Pfizer ya fito da garin insulin da mai ciwon sukari zai shaƙa maimakon allura a 2006, jama'a suka ƙi saye, a 2007 ya janye shi da hasarar dala biliyan 2.8.

Mai karatu zai ce, Malam, wannan ai labarin Turawa ne, ina ruwan Aboabo da Asawase? To, bari mu zo gida. Duk wanda ya yi makarantar allo a Zangon nan ya san ƙaro, domin ba a dafa tawada mai kama allo sai da shi. Wannan ƙaron da malaminmu ke aike mu saya, shi ne yake shiga cikin lemon kwalba da alewa da ƙwayoyin magani a duk faɗin duniya, yana ɗaure su, yana hana abin da aka gauraya rabuwa. Daga itacen dakwara da danginsa ake samunsa, Sudan ce kan gaba, sai Chadi da Nijeriya, inda 'yan'uwanmu a Borno da Yobe da Jigawa suke tsaga itace su jira ya tsattsafo, su tsince shi cikin rana da ƙaya. Darajarsa ta kai cewa da Amurka ta sa wa Sudan takunkumi a 1997, sai da ta bar wa ƙaro ƙofa a buɗe. Da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilu na 2023, manyan kamfanoni suka shiga damuwa a kan inda za su samo shi.

Amma mafi yawansa ɗanye yake barin Afirka, dunƙule-dunƙule a buhu, da ɓawo da yashi. A Faransa, wurin kamfanoni irin su Nexira da Alland & Robert, ake narkar da shi, a tace, a kashe ƙwayoyin cuta, a fesa a hasumiya ya fito farin gari mai tsabta. Faransar da ba ta da dakwara ko ɗaya ita ce kan gaba wajen sayar da sarrafaffen ƙaro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu jikokin fataken goro bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Waɗanda suka riƙa ɗaukar goro daga Salaga zuwa Kano ba su suka shuka itacen ba, abin da suka mallaka shi ne sanin yadda za a naɗe shi da ganye a riƙa duba shi har ya yi watanni a hanya bai lalace ba, kuma a nan arzikinsu ya fito. Yau wasu ne suke riƙe da irin wannan sani a kan kayan ƙasashenmu.

A nan Ghana muna da kamfanonin magani na gida, irin su Ernest Chemists da Kinapharma da Tobinco, kuma suna ƙoƙari. Duk da haka kimanin kashi 70 cikin ɗari na magungunan da muke sha daga waje suke zuwa, akasari Indiya da Sin, su kansu kamfanonin gida kuma daga waje suke sayo sinadari da ciko, su buga ƙwaya a nan. Mun ji a jikinmu a watan Maris na 2020, da Indiya ta taƙaita fitar da wasu magunguna har da farasitamol saboda annobar korona. Muka sake ji a 2022, shekarar da sidi ta faɗi ƙasa warwas, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Tsofaffinmu nawa masu hawan jini suka koma shan ƙwaya yau, gobe su tsallake, don kati ya kai musu ƙarshen wata?

Akwai wani abin da ya fi wannan tsaya mana a rai. Allurar da ake yi wa mace bayan haihuwa don tsayar da jini, wato oksitosin, sai an ajiye ta cikin sanyi, in ba haka ba ƙarfinta ya riƙa raguwa. Wani bincike da aka buga a 2012 ya gano cewa mafi yawan irin waɗannan allurai da aka sayo a gundumomi uku na ƙasar nan ba su cika ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ba. Wanda ya ga zamanin dumso, musamman 2015, ya san abin da firiji yake zama idan wuta ta yi kwana guda ba ta zo ba. Masana a Jami'ar Monash ta Ostareliya sun daɗe suna aikin mayar da wannan magani gari ta hanyar feshi, wanda mai jego za ta shaƙa, ba firiji ba allura. An gwada shi a jikin mutane, bai dai shigo kasuwa ba tukuna. Ungozomar ƙauye ta fi kowa sanin ranar da irin wannan gari zai yi.

Ba muna cewa gobe a gina wa Kumasi irin hasumiyar Fotugal ba ne. Inji yana cin wuta da gas, yana son ɗaki mai tsabta da ma'aikata masu horo, yana kuma son kayan aiki kullum ba yankewa. Masana'antar sitaci ta Ayensu da aka buɗe a 2003 ta sha tsayawa, ƙarancin rogo na cikin dalilai, wannan kuwa darasi ne. A ganinmu wurin farawa shi ne inda kwalbar abokinmu ta fashe. Ghana ba baya take ba a harkar maganin itatuwa. Cibiyar binciken da ke Mampong ta Akuapem tana nan tun 1975, Jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan bakin ƙofarmu, wadda muke kira Tek, ta fara ba da digiri a maganin itatuwa a 2001, a 2021 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta yarda a gwada saiwar nibima a kan cutar korona. Jiƙon da aka tabbatar da amfaninsa, idan aka busar da shi aka zuba a kafso, zai daɗe, kuma za a san awon da mutum yake sha, maimakon a ce masa rabin kofi, alhali kofin wani moɗa ne. Mai magani ɗaya ba zai iya sayen inji ba, amma ƙungiyarsu za ta iya neman jami'a ta zame musu nika-nika. Mu dai faɗi gaskiya, busarwa ba ta mayar da maganin banza na kirki. Idan jiƙon ƙarya ne, garinsa ma ƙarya ne, sai dai ya fi daɗewa a kanti.

Saura kuma masu tsayawa a gaban injin. Shekara da shekaru muna cike wa ɗalibai takardun zaɓen makarantar sakandare, kuma in an zo gurbin kimiyya sai yaran Zango su noƙe, 'yan mata musamman, wani lokaci iyaye ne ke cewa karatun ya yi tsawo. Gaskiya ne karatun haɗa magunguna a Tek shekara shida ne. Amma sakandare kyauta ce tun 2017, Asusun Raya Zango kuma, da majalisa ta amince da dokarsa a wannan shekarar, ba don kwalbati da fitilar titi kaɗai ya kamata mu riƙa ƙwanƙwasa ƙofarsa ba. Sarakunanmu da limamanmu su tambaye shi gurbi nawa zai ɗauki nauyi a sashen haɗa magunguna da na injiniyan sinadarai.

Makon da ya wuce mun kai rishon girki aji, muka ɗora tire ya yi zafi, muka narkar da gishiri a ruwa muka zuba a kwalbar feshin aski. Kowane yaro ya fesa sau ɗaya, ya ga farin gari yana bayyana nan take. Wata yarinya da mahaifinta ke sayar da tawada da allo ta ce za ta kawo ƙaro mu gwada, muka ce ta kawo, sai dai ta nemi izinin Baba tukuna. Mun rubuta wa jami'a muna roƙon a bar mu mu kai 'yan aji uku su ga ɗakin gwaje-gwaje a zangon karatu mai zuwa. Idan amsa ta zo za mu aiko da takarda gida-gida, kuɗin mota kaɗai za a nema. Iyaye, don Allah idan ta iso ku sa hannu, na mata da na maza baki ɗaya.